Gyaren da Ke Cikin Akwatin Yaya

Ranar da aka zauna rabon gadon yayana a Kura, kayan sana'arsa ne suka fi ba malamin da ke lissafi wahala. Gona an san farashinta, shinkafar da ke cikin sito an ƙirga buhunanta, babur ma an kira mai sayar da babura ya yi masa kuɗi. Amma ga janareta, ga amfilifaya biyu, ga lasifika masu bakin kakaki, ga akwatuna da tarin wayoyi, kowa ya dube su sai ya dubi na kusa da shi. A ƙarshe aka yanke a sayar da su a dunƙule ga mutum ɗaya, domin in aka tsinka su farashin zai faɗi, dukiyar marayu kuwa ba a yi mata ganganci. Aka ba da mako biyu.

A cikin kayan akwai wani akwati da ba ya cikin waɗanda ake fita haya da su. Wani kafinta ne a Kura ya haɗa shi da siririn katako, bayansa a buɗe, a cikinsa lasifika guda mai faɗin inci 12 da Yaya ya sayo ta hannu a Kasuwar Sabon Gari. Da shi yake kaɗa jita. Mutanen da ya yi shekaru yana kai wa lasifika wajen biki da saukar karatu da taron siyasa, daga Kura zuwa Karfi har Bunkure, kaɗan ne a cikinsu suka san ya iya. Wani Ba'abzine mai gadin injin casar shinkafa ne ya koya masa, a lokacin da kiɗan jitar Agadas ke yawo daga waya zuwa waya a cikin katin memori. Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a ƙasarmu kamar yadda wasu ke zato: Mdou Moctar, wanda a yau yake zagaya duniya da jitarsa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin kayan da ake naɗar waƙoƙin finafinan Hausa. Sai dai magidanci mai 'ya'ya a Kura ba ya rataya jita ya fito bainar jama'a. Da rani Yaya yakan ɗora akwatin da batirin mota a babur ya tafi bakin kanal bayan la'asar. Da damina kuwa sai zaure, bayan isha'i, da ƙaramar murya, Inna tana ɗakinta a bayan bango tana jin komai, tana kuma nuna ba ta ji.

Ina iya sayen akwatin. Da na buɗe baki ba wanda zai hana ni. Abin da ya sa na yi shiru shi ne na yi imani zan iya kwashe muryarsa in zuba a kwamfuta, in bar katakon ya tafi.

Mai karatun da bai taɓa riƙe jitar lantarki ba zai yi mamakin a ce akwati yana da murya. Ita jitar ba ta da sautin kirki na kanta. Tsirkiyoyinta na ƙarfe suna karkarwa a saman maganaɗisu, karkarwar ta haifar da ɗan raunanan lantarki, amfilifaya ta ƙarfafa shi, sannan ya je ya tura faifan takarda da ke cikin lasifika, faifan ya tura iska. Lasifikar jita, in aka auna ta da ma'aunin masu sauraren kiɗa a falo, muguwar lasifika ce: tana datse kusan duk abin da ya haura karkarwa 5,000 a daƙiƙa, tana kumbura wasu muryoyi tana danne wasu. Wannan aibi nata shi ne ake nema. In aka cire ta aka saurari abin da ke fitowa kai tsaye daga amfilifayar da aka matsa wa, sai a ji kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Mu da muka tashi da kuntigin Ɗan Maraya Jos bai kamata wannan ya zame mana sabon labari ba. Tsirkiya ɗaya ce, amma gwangwanin kifi da fatar da aka ɗaure a bakinsa su ne suka mai da ita kuntigi. Ɗaura tsirkiyar nan a kan ƙwarya, ka koma wani gidan.

Tun da kamfanin Line 6 ya fitar da wata jar na'ura mai siffar ƙwayar wake, POD, a 1998, masu jita suka shiga maye gurbin amfilifaya da akwati da lissafi. Kwaikwayon amfilifaya yana da wuya, domin halinta yana sauyawa gwargwadon ƙarfin bugu. Akwati kuwa an ɗauke shi a matsayin mai hali ɗaya, wanda in an auna shi sau ɗaya an gama. Abin da ake samu daga awon, masu sana'ar suna taƙaita sunansa da haruffa biyu, IR. Ni zan kira shi amsar bugu. A yau har kamfanin Celestion na Ingila, wanda lasifikunsa ke cikin shahararrun akwatunan Marshall, yana sayar da amsar bugun lasifikunsa a intanet kamar yadda yake sayar da lasifikun kansu.

Na fahimci wannan abu da wuri ba don na ƙware a kiɗa ba. Aikina na ruwa ne, kuma lissafin na riga na haɗu da shi a aji da wani suna.

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san ruwan noman rani daga Madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ba inji ke turo shi ba, gangara ce. Yana bin babban kanal, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi a Bunkure da Garun Malam da Kura, cikin shirin da aka tsara zai shayar da hekta 22,000 a kashinsa na farko. To a ce an buɗe ƙofar ruwa a kan wata hanya na minti ɗaya tak aka rufe, kai kuma kana tsaye a can ƙarshen layi da sandar awo. Da farko ba za ka ga komai ba. Can sai ruwa ya fara tasowa, ya kai ƙololuwa, sannan ya shiga ja da baya a hankali, yana jan dogon wutsiya. In ka rubuta tsayinsa kowane minti har ya ƙafe, ka samu jerin lambobi da ke ɗauke da halin wannan hanya kaf: tsawonta, gangararta, kwanoninta, da abin da ƙasa ke shanyewa. Daga nan, duk yadda mai ƙofa ya ga damar buɗewa da rufewa, kana iya faɗin abin da zai iso. Kowane minti na buɗewa yana aiko da irin wancan jerin, mai girma in an buɗe da yawa, ƙarami in an buɗe kaɗan, kowanne a bayan ɗan'uwansa. Aikinka kawai ka jera su ka tara. Wani injiniya Ba'amurke, LeRoy Sherman, shi ya shimfiɗa wannan dabara a 1932 domin hasashen yadda kogi zai cika bayan ruwan sama.

Dabarar tana tsaye a kan sharaɗi biyu. Na farko, in ka ninka abin da ka zuba, abin da zai fito ya ninku daidai, kada wani sabon abu ya ɓullo. Na biyu, halin yau ya zama shi ne halin gobe. Manomin da gonarsa ke ƙarshen layi zai yi dariya in ya ji na biyun, domin ya san abin da laka da kacalla ke yi wa kanal tsakanin kaka da bazara. Na farkon ma yana karyewa ranar da ruwa ya fi ƙarfin hanya ya tsallake gaɓa. Na san wannan sarai a kan ruwa, na sha faɗa wa ƙananan ma'aikata. Da aka zo kan akwatin Yaya sai na manta.

Akwatin lasifika kanal ne, sai dai abin da kanal ke yi cikin sa'o'i shi yana yin sa kafin ƙiftawar ido. Kwamfuta tana yanka sauti zuwa ɗigo 48,000 a kowace daƙiƙa, kowane ɗigo kamar buɗe ƙofa ne sau ɗaya. Amsar bugu ita ce jerin lambobin da makirfo ya rubuta bayan an aika wa lasifika ɗigo guda. Na'urar mai jita tana ɗaukar kowane ɗigo da ya fito daga amfilifayar lissafi, ta ɗora masa wannan jerin, ta tara da na baya, sau 48,000 a daƙiƙa, ta kuma gama kafin yatsan makaɗi ya ji jinkiri.

A nan ne maganar tsawo ta shigo, wadda ita ce kasuwar da kamfanoni ke baje kolinsu a kai. Tunda lissafin yana da nauyi, na'urori sukan datse wutsiyar amsar. Helix ta Line 6, alal misali, tana karɓar ɗigo 1,024 ko 2,048. Na farko milisakan 21 ke nan da 'yan kai, na biyu kusan 43. Kamfanin Fractal Audio na Amurka ya fito da nasa salon da ya kira UltraRes, mai kaiwa wajen milisakan 170. Me ake samu in an ƙara tsawo? Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi: iya tsawon lokacin da ka saurara, iya ƙanƙantar bambancin da za ka iya rarrabewa tsakanin muryoyi. Da ɗigo 1,024, abin da ya yi kusa da juna ƙasa da karkarwa 47 a daƙiƙa yana cakuɗewa. Da 2,048 tazarar ta sauko zuwa 23, da milisakan 170 kuwa ta koma wajen 6. A can sama, inda muryoyi ke dubbai, 47 ba komai ba ce. A ƙasa kuwa, tsirkiyar jita mafi kauri tana karkarwa sau 82 a daƙiƙa, mai bi mata sau 110, tazarar 28 kacal. Za a ji muryoyin biyu dai, amma in akwati yana da ɗabi'ar kumbura ɗaya ya danne ɗaya, gajeriyar amsa za ta shafe wannan ɗabi'a ta mai da su bai ɗaya. Kamar mai awon da ya tashi daga bakin kanal da zarar ƙololuwa ta wuce ne: lissafinsa zai yi daidai a kan babban ruwa, ya ɓace a kan ɗan abin da ke tsiyaya daga baya, wanda sau da yawa shi ne rabon na ƙarshen layi.

Duk da haka ina ganin masu talla suna zuzuta abin fiye da kima. Rufaffen akwati mai kaurin katako, da makirfo manne a bakinsa, yakan faɗi kusan duk abin da zai faɗa cikin milisakan 20 na farko, kuma na sha gwada abokai da gajeriya da doguwa suka kasa bambancewa. Sannan sauti yana tafiyar mita 350 ko kusa da haka a daƙiƙa cikin zafinmu, wato cikin milisakan 21 ya ci mita bakwai. Bangon da ke nesa da mita uku da rabi, amsa-kuwwarsa a daidai lokacin take dawowa. Abin da ya biyo bayan nan, mafi yawansa muryar ɗaki ce. Wanda ya sayi doguwar amsa daga wani sutudiyo a Nashville, da ɗakin Nashville ya saya. Akwatin Yaya dai siririn katako ne mai buɗaɗɗen baya, yana daɗewa yana gurnani, don haka shi kam tsawon zai amfane shi. Ɗakin ma ina so, tunda zaurenmu ne.

Na aro makirfo Shure SM57 wajen wani abokina mai sutudiyo a Titin Gidan Zoo, na ɗauki kwamfuta da ƙaramar na'urar shigar da sauti, na sauka Kura ranar Juma'a da yamma. Babban ɗan Yaya, mai shekara sha biyar, shi ya zama yaron aikina. Da asuba, kafin injinan casa su tashi, muka kai akwatin fili kusa da kanal, inda babu bangon da zai mayar da sauti.

Ba a aika wa lasifika bugu ɗaya na zahiri, domin ya yi gajarta, hayaniyar duniya za ta haɗiye amsarsa. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Angelo Farina na Jami'ar Parma a Italiya ya bayyana a 2000: a aika fito mai hawa, daga can ƙasa inda kunne bai cika ji ba har can sama, a naɗi abin da ya fito, sannan lissafi ya naɗe dogon fiton ya mai da shi kamar bugu guda. Nawa na daƙiƙa goma ne, daga karkarwa 20 zuwa 20,000. Da na sake shi da ƙarfi, kwaɗin bakin ruwa suka yi tsit, wani dattijo da ke jera bututun zuƙo ruwa a gonar albasa ya miƙe yana dube-dube.

"Baffa, wannan ai ba kiɗa ba ne," in ji yaron.

"Tambaya muke yi masa," na ce. "Riƙe makirfon nan kada ya motsa ko da faɗin yatsa."

Gargaɗin ba na wasa ba ne. Matsar da makirfo daga tsakiyar faifai zuwa gefensa yana sauya sauti fiye da duk wani ƙarin tsawo da kamfani zai sayar maka. Mun ɗauka a wuri shida. Da dare muka sake yi a zaure, makirfo ɗaya a bakin akwati, sannan muka janye shi zuwa dakalin da nakan zauna in Yaya na kaɗawa.

Da lissafi ya gama, allon kwamfuta ya nuna abin da nake tsammani: tsini guda dogo, da wutsiya tana bin sa ta dama. Amma ta hagu, kafin tsinin, akwai wasu ƙananan tudu a jere. Wannan shi ne abin da ya sa ake yaba hanyar Farina. Duk wani sautin da lasifika ta ƙirƙiro da kanta, wanda ba a aika mata ba, lissafin yana ware shi ya ajiye shi gaban amsar, domin mai awo ya yanke ya zubar ya samu tsarkakakkiyar amsa. Tudun akwatin Yaya sun fi na duk misalan da na taɓa gani yawa. Na ce a raina tsohuwar lasifika ce, na sa alama na yanke. Na fitar da ta 1,024, da ta 2,048, da doguwa mai rabin daƙiƙa ta zaure. Ta 2,048 ba ta kai kilobayit 7 ba, hoton da ake turowa a WhatsApp ya ninka ta sau da yawa. Na sa abin kunne na kaɗa, na ji kaurin nan da na sani, na ji zaure. Ranar Laraba mai saye ya zo da a-kori-kura ya kwashe komai, ban ko fito ba.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki na koma gida da jitar Yaya, wadda ita kam na saya, da lasifikun sutudiyo masu tsabtar murya. Na shiga ɗakin Inna na ce ina so ta ji wani abu. Na ɗauka za ta ce in fitar mata da kayan shiririta daga ɗaki, kamar yadda ta saba faɗa masa. Sai ta gyara zama. Na kaɗa abin da na iya daga irin nasa, da doguwar amsar zaure. Ta saurara har na tsaya.

"Hannun ba nasa ba ne, wannan dama na sani," ta ce. "To ina gyaren?"

"Wane gyare, Inna?"

"Wanda ke kuka a ciki in ya bugi mai kaurin nan da ƙarfi. Da shi nake gane ransa a ɓace yake ko lafiya."

Faifan lasifikar ya taɓa yagewa a gefe, Yaya ya liƙe shi da gam da ƙyallen atamfa. In an taɓa tsirkiya a hankali, liƙin ba ya cewa komai. In an buga mai kaurin da ƙarfi sai ya ɗauki wani siririn kuka, zirr, a saman muryar. Na ji shi shekara da shekaru har kunnena ya daina lissafa shi. Ga shi kuwa shi ne ruwan da ya tsallake gaɓa: abin da babu shi a ƙaramin bugu, yana nan a babba. Sharaɗin farko ya karye, kuma babu tsawon amsar da zai kama shi, ko da ɗigo miliyan ne. Ƙarin tsawo yana ƙara maka sanin ɓangaren akwati mai biyayya ne kawai. Gyaren Inna yana cikin tudun nan na hagu, waɗanda na yanke da hannuna ina jin na yi aiki mai tsabta.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne bai kamata Bahaushe ya yi wannan kuskure ba. Masu garaya da molo suna soka wani ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan sandar kayan kiɗansu, ceba, ba don komai ba sai don ya yi wannan zirr ɗin in an buga. Masu ganga suna ɗaura siririyar igiya a kan fata saboda haka. Abin da littafin awo ya kira aibi a lasifika, magabatanmu ƙera shi suke yi da gangan su ƙara, kuma kayan kiɗan da ba shi da shi sai a ji kamar miya ba daddawa. Ban sani ba ko Yaya ya bar liƙin ne don rashin kuɗin sabon faifai. Mutumin da ke gyara lasifikun mutane da hannunsa, da ya so sauyawa da ya sauya.

Akwai sababbin dabaru da ba su dogara da sharaɗin farko ba. Manhajar Neural Amp Modeler, wadda Steven Atkinson ya rubuta ya sake ta kyauta, tana sauraren na'ura a ƙaramin bugu da babba na 'yan mintuna, ta koyi yadda halinta ke sauyawa. An yi ta ne domin amfilifaya, amma na ce bari in gwada ta a kan akwatin, ko da rabin gyaren ne in samu. Na nemi mai sayen har shagonsa a Bunkure. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya yi wa Yaya addu'a, ya kawo ruwa. Akwatin yana nan a gefe, an yi masa sabon fenti. Ya ce tun makon farko ya lura lasifikar tana da matsala, ya sa sabuwa, yanzu muryarta garau. Tsohuwar ya ba 'yan gwangwan, saboda maganaɗisun bayanta yana da nauyi a sikeli.

A hanyar dawowa, daidai wata gada a kan kanal, na tuna ban goge ainihin naɗin fiton ba, wanda aka yi kafin lissafi ya taɓa shi. Na tsaya a gefen hanya na buɗe kwamfuta a kan kujerar mota. Fiton yana ninka kansa kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, don haka yana ratsa muryar tsirkiya mai kauri jim kaɗan bayan daƙiƙa ta biyu. Daga nan zuwa ta uku, a ƙarƙashin kukan wani zakara daga nesa, gyaren yana nan.

Da dare na kunna wa Inna. Gurnani ya taso daga ƙasa, ya fara hawa, sai ta ɗaga hannu.

"Ga shi nan."

Fiton ya wuce ya haye sama har ya ɓace. Ta ce in mayar. Na mayar sau huɗu. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa, da na rufe kwamfutar ya matso ya ce, "Baffa, a tura mini wannan a waya. Mai fiton, ba ɗayan ba."